Ganuwar Amina: Wa Ya Gina Ta?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa na Ikara da Makarfi da Kudan da ƙauyukan da ke kewaye da su, da fatan rake ya yi zaƙi, tumatir kuma ya yi kasuwa. Yau za mu ɗan ajiye ludayi da muciya, mu leƙa bayan gari, mu dubi wani abu da kusan kowaccenmu ta sha wucewa ta gefensa a hanyar gona ko hanyar kasuwa.

Kwanakin baya muna cikin mota daga Zariya za mu biki wani ƙauye a ƙasar Makarfi, sai 'yar ƙanwata, yarinya 'yar aji biyar a firamare, ta leƙa taga ta hango wani dogon tudun ƙasa da ya miƙe ta bayan gari ya yi kwana, ciyawa da ƙaya sun lulluɓe shi. Ta ce, "Inna, mene ne wancan?" Kafin in buɗe baki wata dattijuwa da ke zaune kusa da mu ta ce, "Ganuwar Amina ce, 'yar nan." Yarinya ta ce, "Ita da kanta ta zo nan ta gina?" Dattijuwa ta ce, "To, mu dai haka muka taso muka ji." Bayan kwana biyu da muka biyo hanyar za mu koma, sai muka tarar da tifa a gindin tudun nan, samari suna sara da diga suna loda ƙasa. Yarinyar ta dube ni ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Tambayar tata ce na zo da ita yau, domin ta cancanci amsar da ta fi wadda ta samu a mota.

Mu fara da ita ganuwar kanta. Ganuwa katanga ce ta ƙasa da ake kewaye gari da ita saboda tsaro. Ana haƙa rami a kewaye, ƙasar da aka fitar a kwaɓa ta a ɗora, shi kuma ramin ya zama gwalalo, sau da yawa a bar sarƙaƙiya ta cika shi don doki ya kasa ƙetarewa. Gindinta na da faɗi, tana tsukewa tana hawa. Ana barin ƙofofi, kowace da mai tsaronta, a rufe da faɗuwar rana. A manyan birane akan haɗa har da gonaki da fadama a ciki, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin kaiwa baka. Ita ƙasa kuwa kin san halinta, kowace damina sai ruwa ya ci rabonsa. Shi ya sa da kaka ake fita aikin gayya, kowace unguwa ko ƙauye da ɓangaren da aka yanka mata ta gyara. Ranar da aka daina wannan gyara, ranar ganuwa ta fara komawa tudu. Bayan da Turawa suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903, hare-hare suka tsaya, mutane suka fara fita suna kafa gidaje kusa da gonakinsu, gyaran ganuwa ya zama aikin da ba mai tilasta shi. Abin da kike gani yau a bayan tsofaffin garuruwanmu saura ne na abin da damina sama da 100 ta rage.

To, me aka ce game da Amina? Labarin da muka gada a baki shi ne ita 'yar Bakwa Turunku ce, mai sarautar Zazzau. Turunku tana kudu da Zariya, a ƙaramar hukumar Igabi ta yanzu, kuma har yau akwai kufan tsohon garin a gindin duwatsu, da kabarin da mutanen wurin ke cewa na Bakwa ne. An ce ƙarancin ruwa ya sa aka taso daga Turunku aka dawo wajen Dutsen Kufena, kusa da Wusasa. An ce Amina na da ƙanwa mai suna Zariya, wadda birnin ya ci sunanta. An ce ita Amina ta ƙi zaman ɗaki ta zaɓi fagen fama, kuma duk inda ta ya da zango da rundunarta sai ta sa a kewaye wurin da ganuwa. Daga nan sunan ya samo asali. A Zariya akwai sauran wata tsohuwar ganuwa mai faɗin gaske da ta haɗo har da Kufena a cikinta, ana kiranta da sunan Amina, ban da ganuwar birni mai tsawon tsakanin kilomita 14 zuwa 16, mai ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Bai da Ƙofar Jatau. Har a wasu wurare masu nisa da Zazzau za ki ji an nuna tsohon tudu an ce nata ne.

Yanzu bari mu buɗe littafi, mu ga abin da aka rubuta. Madogara uku ne manya.

Na farko littafin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya kammala a 1812. A ciki ya ambaci Amina a matsayin 'yar Sarkin Zazzau, ya ce ta yi yaƙi har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, ta ci ƙasashe ta nausa kudu, kuma ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Bai faɗi shekarar da aka yi haka ba.

Na biyu Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wani jami'in Turawan mulki mai suna Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya. Wannan littafi ya sanya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda bisa lissafi ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000, kuma ta shekara 34 tana yaƙi.

Na uku jerin sunayen sarakunan Zazzau, wanda ya faro daga Gunguma ya ƙare a kan Makau, sarkin da masu jihadi suka kora a farkon ƙarni na 19. A wannan jeri Bakwa Turunku ne na 22, kuma an lissafa hawan sarautar a 1536. Daga wannan lissafi ne littattafan makaranta suka samo abin da suke koya wa 'ya'yanmu, cewa Amina ta hau mulki a 1576 bayan rasuwar ɗan uwanta Karama, ta rasu a 1610. Amma ga abin mamaki, shi jerin kansa babu sunan Amina a cikinsa.

Kin ga inda gizo ke saƙa? Tarihin Kano ya ce wajen 1430, lissafin Zazzau ya ce wajen 1580. Tsakani akwai shekara kusan 150, wato daga ke zuwa kakar kakarki ko fiye. Ba zai yiwu duka biyun su zama daidai ba. Sannan ko wanne muka ɗauka, rubutu mafi tsufa da ya ambace ta, na Muhammadu Bello, an yi shi ne shekara 200 ko fiye bayan zamaninta. Masana tarihi sun rabu: wasu sun ce sarauniya ce da ta hau gadon Zazzau, wasu sun ce gimbiya ce mai jagorantar yaƙi amma ba ta hau gado ba, shi ya sa ba ta cikin jeri. Kai, ko Bakwa ma an yi saɓani, wasu ruwayoyin sun ce mahaifinta ne, wasu sun ce mahaifiyarta ce. Hoton nan da muka saba gani na mace a kan doki riƙe da takobi, wanda ya fito a kan kan sarki na gidan waya a 1975, zanen mai zane ne na zamaninmu. Haka fim ɗin da aka yi a kanta a 2021, labari ne aka tsara don kallo.

Kada wata ta ce na zo in rushe mana gwarzuwarmu. Ruwa ba ya tsami banza. Mace ce da malamin Sakkwato ya rubuta sunanta, marubucin Kano ya rubuta, Zazzagawa kuma suka riƙe a baki, alhali waɗannan mutane ba su saba yabon juna ba, ballantana yabon mace a kan sha'anin yaƙi. Wannan kaɗai babbar shaida ce cewa an yi wata mace da ta girgiza ƙasar Hausa. Abin da ke gabanmu dabam ne: ko wannan tudun da ke bayan garinku ita ta sa aka gina shi?

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata ki riƙe. Na ɗaya, an san gina ganuwa tun kafin Amina. Shi wannan Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda aka lissafa zamaninsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara badalar Kano, Sarki Yusa ya kammala ta, daga baya Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Ko da mun ɗauki lissafin da ya fi tura Amina baya, badalar Kano ta girme ta da shekara wajen 300. A ƙasar Zazzau ma mutane sun daɗe. A shekarun 1970 masu binciken ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narka tama a yammacin Samaru, gwaji ya nuna an yi aiki a wurin fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Mutanen da suka iya fitar da ƙarfe daga dutse, ai kewaye gari da ƙasa ba zai gagare su ba.

Na biyu, an ci gaba da gina ganuwa shekaru aru-aru bayan Amina, domin tsoro bai ƙare da rasuwarta ba. A ƙarni na 17 Kwararrafawa sun riƙa tasowa daga kudu suna kai yaƙi har cikin birnin Kano. A farkon ƙarni na 19 aka yi yaƙe-yaƙen jihadi. A rabin ƙarshe na wannan ƙarni kuwa Ningawa suka addabi kudancin Kano da gabashin Zazzau da hari, suna kame mutane a gona da rafi. Ki dubi inda Ikara da Makarfi da Kudan suke: a kan iyakar Zazzau da Kano, a bakin hanyar fatake, kuma ta gabas ba wani shamaki tsakaninsu da maharan. Garin da ke irin wannan wuri dole ya kewaye kansa, ko ya ɗaga tsohuwar katangar da ya gada. Saboda haka tudun da ke bayan garinku zai iya girmar Amina, zai iya zama na zamaninta, zai kuma iya zama kakan kakanki na cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasarsa shekara 150 da suka wuce. Yana ma iya haɗa duka ukun, gindin na wani zamani, saman na wani.

To me ya sa kowa ya ce Amina? Halin ɗan Adam ne. In abu ya tsufa har aka manta mai shi, sai a jingina shi ga sunan da ya fi kowane girma a bakin jama'a. Ke ma kin sani a cikin gida: tsohuwar tasa ko tukunyar ƙarfe da aka gada, in aka tambaya sai a ce ta Hajiya Babba ce, ko da kuwa kishiyarta ce ta saya, don ita Hajiya Babba ce sunanta ya rage. Sarki ɗaya ake tunawa, dubban da suka ɗauki ƙasa a ka an manta da su. Ki yi tunanin tulun ruwa nawa za a zuba kafin a kwaɓa ƙasar katangar da ta kewaye gari, da tuwo nawa za a tuƙa wa 'yan gayya. Hannun mata na jikin kowace ganuwa, ko ta Amina ce ko ba tata ba.

Wannan rashin tabbas bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A Konwal, wani yanki a kudu maso yammacin Ingila, akwai tsofaffin duwatsu sama da 400 da aka sassaƙa da alamar gicciye, da yawansu a kafe a bakin hanya ko mararraba. Mutanen wurin Kirista ne, kuma ana jin an kafa wasu don nuna hanyar coci, wasu don shata iyaka, wasu a inda masu ɗauke da gawa ke hutawa. Yawancinsu ba rubutu a jiki, don haka ba a san wanda ya sassaƙa su ba, shekarunsu ma kintace ake yi. Su ma akwai tatsuniyoyin da aka rataya musu. Akwai lokacin da aka wulaƙanta su, manoma suka tuge wasu suka yi dirkar ƙofar gona, wasu aka shimfiɗa a kan rafi aka yi gada. Sai wani mutum mai suna Arthur Langdon ya bi ƙauye-ƙauye yana aunawa yana zanawa yana tambayar tsofaffi, ya fitar da littafi a 1896. Yau an mai da da yawa mazauninsu, doka na kare su. Har yanzu ba su gano masu sassaƙar ba, amma sun bar duwatsun a tsaye, ko Allah zai sa na baya su gano.

Mu nan, wa zai iya raba mana gardama? Shaidu biyu ne suka rage, kuma duka biyun suna hannunmu.

Shaida ta farko ita ce ƙasar kanta. Kin san yadda kike jera kwanoni a ɗaki, na ƙasa shi aka fara ajiyewa, na sama shi ne na ƙarshe. Haka ƙasa take. Masu bincike sukan yanka ganuwa a hankali kamar yadda ake yanka alkaki, su ga hawa-hawan ginin, su tsince abin da ke cikin kowane hawa: tsingaro, gawayi, ƙashi, kashin maƙera, dutsen niƙa, tsakiya. Gawayin nan da kike sharewa ki zubar, a wurinsu ya fi zinariya. Dalili kuwa, duk abin da ya taɓa rayuwa, itace ne ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, akwai wani sinadari a jikinsa da ke fara raguwa daga ranar da ya mutu, kuma an san saurin raguwar: rabinsa na ƙarewa a cikin kimanin shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage a ɗakin gwaji, sai a san kusan lokacin da aka sare itacen. In an sami gawayin murhu a ƙarƙashin gindin ganuwa, an san ganuwar ba ta girmi wannan murhu ba. Tsingaro ma yana magana, domin kowane zamani da irin adon da mata masu ginin tukwane ke yi wa bakin tukunya. Amma akwai sharaɗi guda: sai an sami abin a inda yake kwance. Da zarar diga ta birkita shi, tifa ta kwashe, shaidar ta mutu, ko da an tsinci gawayin daga baya a jikin bangon wani.

Shaida ta biyu ita ce bakin tsofaffi, musamman tsofaffin mata. A nan ina so ki san labarin Baba ta Karo. An haife ta wajen 1877 a ƙasar Kano kusa da iyakar Zazzau, ta ƙare rayuwarta a Giwa, maƙwabciyar Kudan. Ba ta yi boko ba, ba 'yar sarauta ba ce. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita tana rubuta abin da take faɗa: yadda mahara ke faɗa wa ƙauye, yadda ake gudu a shige garu, yadda ake fansar wanda aka kama, yadda aure da zumunci da bauta suke kafin zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ki duba, da Baturiyar nan ta yi jinkirin shekara biyu, da duk wannan ilmi ya bi Baba kabari. Baba nawa muka binne a Ikara da Makarfi da Kudan ba wanda ya zauna ya tambaye su?

Waɗanda suka ga zamanin hari da idonsu sun ƙare. Amma akwai sauran waɗanda kakanninsu suka goya su suka ba su labari, 'yan shekara 80 da 90, suna nan a ɗakunanmu muna kai musu kunu da safe. Su ne suka san sunan kowace ƙofa ta garin, da inda marina take, da inda maƙera suka zauna, da dalilin da ya sa aka tashi daga kufai aka dawo bakin titi ko bakin tashar jirgin ƙasa bayan da dogo ya ratsa ta Likoro da Gimi ya isa Kano a 1911.

Su kuwa shaidun nan biyu kullum raguwa suke. Tsofaffi ajali na ɗauka, wannan ba mu da iko a kai. Ganuwa kuwa mu ne ke cin ta. Ana saran ta a yi tubali, ana baje ta a ƙara faɗin gona, ana yanka ta a sayar da fili, duwatsun da ke da tsofaffin ramukan niƙa a kansu ana fasa su a sayar da tsakuwa. Ban ce masu yi mugaye ba ne. Mutum ya ga ƙasa mai kyau a tare wuri guda, ga ɗa ya isa aure ba ɗaki, ga bulo ya yi tsada, me kike zato zai yi? Da ma can tsoron aljannu ne ke tsare kufai, iyayenmu na hana yara zuwa da tsakar rana. Yanzu tsoron ya ragu, ba a kuma maye gurbinsa da sanin darajar wurin ba.

Rashin sani kuwa, an ce kaza ta kwana a kan dami. A kudancin jiharmu ta Kaduna, wajen 1943, wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jama'a ya tsinci wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar dabbobi. Ya shekara guda a nan rana da ruwa na dukansa, kafin a kai shi Jos wurin wani jami'i mai suna Bernard Fagg, wanda ya gane irinsa ɗaya da wasu da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928. Ashe abin ya haura shekara 2,000. Daga nan duniya ta san al'ummar Nok, ɗaya daga cikin tsofaffin al'ummomin da suka yi fasahar yumɓu da ƙarfe a Afirka ta Yamma. Da yaro ya jefe shi da dutse a gonar nan fa?

Akwai doka a kan wannan. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin irin waɗannan wurare, kuma ganuwar Zariya da Dutsen Kufena suna cikin jerin wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Sayar da kayan da aka tono ko fitar da su waje ba da izini ba laifi ne. Sai dai hukuma ba ta kwana a ƙauyenku. Ke ce ke kwana a can.

To uwargida, me za ki iya yi daga inda kike zaune? Ga kaɗan.

Ki zauna da tsohuwar gidanku, kakarki ce ko uwar mijinki ko maƙwabciya, bayan sallar isha'i lokacin da gida ya yi shiru. Wayar nan da ke hannunki tana ɗaukar murya, ki nemi izininta ki kunna. Kada ki ce mata, "Iya, Amina ce ta gina ganuwar nan ko?" domin za ta ce miki i don ta faranta miki. Ki ce, "Iya, me kika ji game da tudun nan na bayan gari? Wa ya gaya miki? Shi kuma a wurin wa ya ji?" Ki tambayi sunayen ƙofofi, da sunayen masu garin a jere iyakar abin da ta riƙe, da inda mutanen garin suka fito. Ki sa ɗanki ko 'yarki ta rubuta a littafi, da sunan mai maganar da ranar da aka yi. In kin sami dama ki tambayi tsohuwa ta biyu ita kaɗai. In maganarsu ta saɓa kada ki gyara, ki rubuta duka biyun yadda suke. Saɓanin ma ilmi ne, kin dai ga yadda manyan littattafai suka saɓa.

In yara sun tsinto wani abu a gona ko a kufai, tukunya ce a binne, ko tsakiya, ko wani ƙarfe, ki hana su fasawa, ki hana a ci gaba da tono. A lura da wurin, a ɗauki hoto, a gaya wa mai unguwa ko dagaci. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da sashe guda na masu wannan bincike, ga Gidan Arewa da gidan tarihi a Kaduna. Samaru ba nisa daga Hunkuyi. Kuma duk baƙon da ya zo da kuɗi yana neman tsofaffin kaya a ɓoye, ki sani abin da zai ba ku bai kai ƙurar abin da zai samu ba.

In maigida ne ko ɗanki ke shirin ɗibar ƙasa a jikin ganuwa, ki yi masa magana da lalama a lokacin da ya dace, kin fi kowa sanin lokacin. Ƙasar gini akwai ta a kududdufi. In kuma an riga an ci yawancinta, ƙungiyarku ta mata ko ta Islamiyya ko ta zumuntar coci za ta iya zuwa wurin mai gari ta roƙi a keɓe ko da taku 50 ne a bar wa jikoki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An kuma hore mu da mu dubi abin da mutanen farko suka bari mu ɗauki darasi, to in mun baje shi me za mu duba?

Na ƙarshe, amsar da za ki ba yaro. Ni dai daga baya na kira 'yar ƙanwata na zaunar da ita. Na ce mata ana kiran tudun nan ganuwar Amina, kuma Amina mace ce jaruma da aka yi a Zazzau, littattafai sun ambace ta. Na ce mata masana ba su daidaita a kan zamaninta ba, kuma ba a taɓa auna wannan tudun an tabbatar da mai shi ba, zai yiwu mutanen garin ne suka gina don tsoron mahara. Ta yi shiru, can ta ce, "To Inna, in na girma zan iya aunawa?" Na ce mata ƙwarai kuwa, akwai mata da ke karanta wannan fanni a Samaru. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, sai in tifa ta rage mata abin da za ta auna.

A nan za mu dakata a yau. Wadda ta zauna da tsohuwarta ta samo wani labari game da ganuwa ko kufan garinsu, ta rubuto mana, za mu karanta a wannan fili in Allah ya yarda. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba, ya ba mu zaman lafiyar da ba sai mun kewaye gari da katanga ba.